Darasi na 14: Ƙwaƙwalwar Yaro da Cutar Farfaɗiya

A garuruwanmu, idan yaro ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, idonsa ya kakkafe, yawu na dalala, tambayar farko da ake yi ita ce: wa ya taɓa shi? Kakarsa ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce bugun tsuntsu ne, wani ya ce kambun baka ne ya kama shi saboda ya cika wayo. Tambayar wannan darasi daban ce: me ke faruwa a cikin kan yaron a wannan lokaci, kuma me ya sa abin ya fi samun ƙanana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashen da ba su da wadata sosai. Lokacin da ta fi somawa shi ne ƙuruciya, musamman shekarar farko, sai kuma tsufa.

Domin samun amsa za mu leƙa Titin Oxford a birnin Manchester na Ingila. Titi ne da ya taso daga tsakiyar gari ya nufi kudu, ya ratsa Jami'ar Manchester, ya wuce ta gaban wani rukunin asibitoci. A cikinsu akwai Manchester Royal Infirmary, da Saint Mary's inda ake kula da mata da jarirai, da babban asibitin yara, Royal Manchester Children's Hospital, wanda ya tare a wurin a 2009. Mai binciken ƙwaƙwalwa da likitan da ke duba yaro mai farfaɗiya a ƙafa suke zuwa wurin juna. Za mu kuma tsaya a Birmingham, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, kafin mu dawo gida.

Yadda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa

Aikin yana somawa tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Kwana 28 da shigar ciki, ɗan bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya riga ya rufe. Shi ya sa ake son mace ta soma shan ƙwayar folik asid tun tana neman ciki, kada ta jira sai ta fara zuwa awo. Daga nan ƙwayoyin jijiya suke ta yaɗuwa a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kowacce kuma ta yi ƙaura zuwa waje, ta sami mazauninta a ɓawon ƙwaƙwalwa, wanda yake hawa shida. Yawancin wannan ƙaura tsakanin wata na uku da na shida ake yin ta. Ku riƙe wannan, domin ƙwayar da ta ɓata hanya a lokacin tana iya zama tushen farfaɗiya bayan shekaru.

Babban mutum yana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 a kansa, kuma da mafi yawansu aka haife shi. To me ke ƙaruwa bayan haihuwa? Ƙwaƙwalwar jariri giram 350 zuwa 400 ce, wato kusan rubu'in ta babba, amma kafin ya shekara shida ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Abin da ke ƙara mata girma shi ne haɗi. Kowace ƙwaya tana miƙa rassa ta taɓa dubban 'yan'uwanta, kuma wurin da biyu suka taɓa juna shi muke kira mahaɗa. Saƙo yana bin reshe a matsayin 'yar wutar lantarki, idan ya iso mahaɗa sai wani sinadari ya tsallakar da shi. Tarin ƙwayoyin da ke aiki tare, ko da suna nesa da juna, su ne saƙar sadarwa. Akwai saƙar gani, da ta ji, da ta magana, da ta motsi.

A 1979 wani likitan yara a Chicago, Peter Huttenlocher, ya buga sakamakon ƙidayar mahaɗai da ya yi a ƙwaƙwalen mutane masu shekaru daban-daban. Ya ga cewa a goshin ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya fi babba yawan mahaɗai da kusan rabi. Daga nan sai su riƙa raguwa har wajen shekara 16. Duk manomin gero ya san irin wannan aiki: yakan zuba iri da yawa a rami guda, idan ya tsiro ya bi ya cire raunana, ya bar ƙarfafa su sami fili. Ƙwaƙwalwa ma mahaɗar da ake amfani da ita take bari, wadda ba a amfani da ita ta cire. Muryar uwa, da wasan ƙasa, da rarrafe, da waƙar reno, duk su ne ke gaya mata wadda za ta bari.

Wannan zaɓe yana da lokacinsa. David Hubel da Torsten Wiesel na Jami'ar Harvard sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ba ya gani, domin ɗaya idon ya ƙwace mahaɗansa a ƙwaƙwalwa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wannan aiki yana cikin abin da ya ba su lambar Nobel a 1981.

Abu na ƙarshe shi ne rigar kitse da ke naɗe dogayen rassa. Reshen da ba shi da ita saƙo na tafiya cikinsa kamar mita ɗaya a daƙiƙa, mai riga kuwa yana iya kai mita ɗari. Ba ta gama naɗe goshin ƙwaƙwalwa sai mutum ya haura shekara ashirin. Saboda haka saƙar ƙaramin yaro ta kusa-kusa ce, sai yana girma sassa masu nisa suke ƙulla zumunci.

Masu zuga da masu kwaɓa

Ƙwayoyin jijiya kashi biyu ne. Akwai masu zuga maƙwabtansu su harba saƙo, akwai masu kwaɓar su su yi shiru. Lafiya tana ga daidaiton waɗannan biyu. A kan jariri kuwa ba a daidaita suke ba: masu zuga ne ke kan gaba, domin da zuga ake gina mahaɗai, masu kwaɓa suna biye a hankali. Yehezkel Ben-Ari da abokan aikinsa a Faransa sun nuna a 1989 cewa a jariran ɓeraye, sinadarin GABA, wanda aikinsa kwaɓa ne a jikin babba, zuga yake yi. Abin da ya sa yaro ke koyon harshe cikin shekara uku, shi ne kuma ya sa ƙwaƙwalwarsa ke saurin ɓallewa.

Ɓallewar ita ce faɗuwa. A ka'ida kowace ƙwaya lokacin harbawarta daban. Idan daidaito ya lalace sai dubbai su harba tare, su sake harbawa tare, abin ya bi rassa ya yaɗu. Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya rubuta cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. John Hughlings Jackson, likita a Landan, ya bayyana a 1873 cewa harbawar ƙwayoyi ce ta farat ɗaya wadda ta wuce kima. Richard Caton na Liverpool ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar zomo da biri a 1875, Hans Berger na Jamus ya auna na mutum a 1924. Gwajin nan da ake liƙa wa yaro wayoyi a fatar kai, EEG, daga aikin Caton da Berger ya fito. Ba ya saka wuta a kai, saurare kawai yake yi. A 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta sake fasalin bayaninta bisa saƙar sadarwa: wata faɗuwar tana tasowa a saƙar da ke ɓari guda na ƙwaƙwalwa, wata kuma nan take take kama saƙar ɓari biyu.

Saƙar da abin ya kama ita ke nuna yadda zai bayyana. Idan ta motsi ce, hannu ko fuska su riƙa fizga. Idan ta gefen kunne ce, yaro ya ji tsoro ba dalili, ya riƙa tauna ba komai a bakinsa, yana jan rigarsa, a kira shi ba ya amsawa. Irin wannan ce aka fi ɗora wa aljanu.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yara biyu zuwa biyar cikin ɗari, tsakanin wata shida da shekara biyar, sukan yi jijjiga idan zazzaɓi ya yi zafi, kuma mafi yawansu ba sa zama masu farfaɗiya. Likita yakan kira abu farfaɗiya idan an faɗi sau biyu ba tare da wani abin da ya tayar ba, tsakaninsu fiye da awa 24. Sai dai a ƙasarmu jijjiga da zazzaɓi na iya zama maleriya ce ta hau kai, ko sanƙarau, don haka asibiti za a nufa a ranar.

Kowane shekaru da irin tasa

Tunda saƙa tana sauyawa da girma, farfaɗiya ma tana sauya kama. Tsakanin wata uku da shekara ɗaya akwai wadda jariri zai dunƙule farat ɗaya, kai ya sunkuya, hannuwa su watsu, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a jere a jere, yawanci idan ya tashi daga barci. Uwa takan ɗauka ciwon ciki ne ko firgita. Wani likita a Ingila, William West, shi ya fara bayyana ta a 1841, kuma a jikin ɗansa ya gan ta. Ƙarama ce a ido, amma tana cikin mafiya haɗari. Jaririn da yake murmushi sai ya daina, wanda ya soma zama sai ya koma kwanciya. Wannan ba a kwana da ita a gida.

Tsakanin shekara huɗu da goma akwai wadda yaro zai ɗauke wuta na wajen daƙiƙa goma, ya tsaya cak a tsakiyar magana ko karatu, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yana iya yin haka sau da dama a yini. A EEG ana ganin igiyar lantarki na bugawa sau uku a daƙiƙa, tana kai da kawowa tsakanin ɓawo da wata cibiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamos. Malaman makaranta, na allo da na boko, ku lura da wannan sosai. Yara da yawa sun sha bulala a kan rashin mai da hankali alhali ciwo ne, kuma ciwon da magani ke tsayarwa.

Akwai kuma wadda ke zuwa cikin barci, gefen baki ya riƙa fizga, yawu ya zubo, yaro yana ji amma ya kasa magana. Ita wannan kusan kullum tana bari da kanta kafin shekara 16.

Ƙudajen Titin Oxford

A Jami'ar Manchester, Farfesa Richard Baines ya daɗe yana binciken farfaɗiya da 'yan ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Kada ku raina su. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da ke jawo cuta a jikin mutum suna da takwara a jikinsu, kuma akwai jinsinsu masu gadon faɗuwa, waɗanda in an girgiza su sai su sandare. Ƙwan ƙudan ba ya cika kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa, saboda haka ana iya kallon haɗuwar saƙarsa daga farko har ƙarshe.

A 2015 Baines da Carlo Giachello suka buga abin da suka gano. Akwai wasu awa biyu, tsakanin awa ta 17 da ta 19 bayan saka ƙwai, daidai lokacin da ƙwayoyin jijiya ke soma magana da juna. Da suka tsananta harbawar ƙwayoyin ƙuda mai lafiya a wannan ɗan lokaci, sai tsutsar da ta fito ta zama mai saurin faɗuwa, kuma haka ta zauna. Da suka sassauta harbawar a ƙwan mai gadon faɗuwa a daidai lokacin, sai faɗuwar ba ta bayyana ba, alhali gadon yana nan a jikinsa. Ƙuda ba ɗan'adam ba ne, kuma wannan aiki bai zama maganin da ake ba yara ba. Amma ya nuna cewa gado kaɗai ba ya yanke hukunci. Yadda saƙa ta yi aiki a lokacin da take haɗuwa yana barin tabo mai daɗewa, ko na alheri ko na akasi.

Wani aikin na Manchester ya shafi iyaye mata kai tsaye. Dakta Rebecca Bromley da abokan aikinta sun bi yaran da iyayensu suka sha maganin farfaɗiya suna da cikinsu. Bincikensu yana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa maganin balfurowet yana cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara ana haifarsu da tawaya, uku zuwa huɗu cikin goma kuma suna samun jinkirin magana ko koyo. Mace mai farfaɗiya ta tattauna da likita tun kafin ta ɗauki ciki. Kada kuma ta yanke magani da kanta, domin faɗuwa da ciki tana iya halaka uwa da ɗa.

Idan magani ya gaza

Kusan mutum bakwai cikin goma faɗuwarsu na tsayawa idan sun sami maganin da ya dace, suka kuma sha shi kullum. Sauran fa? Idan an gwada magani biyu da suka dace ba su yi ba, da wuya na uku ya yi, sai a soma tunanin tiyata. A 2012 hukumar lafiya ta Ingila ta tattara tiyatar farfaɗiyar yara a cibiyoyi huɗu: Landan, da Bristol, da asibitin yara na Birmingham, da ta arewacin Ingila wadda ta haɗa asibitin yara na Titin Oxford da asibitin Alder Hey na Liverpool. Manufar ita ce a riƙa duba yara da wuri, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar.

Kafin a taɓa kan yaro sai an zana taswirar saƙarsa. Ana kwantar da shi kwanaki da wayoyin EEG, kyamara na ɗaukarsa, har faɗuwar ta zo. Ana yin hoton MRI. A Jami'ar Aston da ke Birmingham akwai na'urar MEG mai auna ɗan maganaɗisun da ƙwayoyin jijiya ke fitarwa, kuma ana kai yaran asibitin Birmingham can. Wani lokaci har a zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwar kanta. Abin da aka fi samu a kan waɗannan yara shi ne wani ɗan yanki na ɓawo inda ƙwayoyi suka zauna a hargitse tun daga ciki. David Taylor da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1971, daga baya Taylor ya zama farfesa a Manchester. Likita yana iya cire yankin, ko ya yanke hanyoyin da faɗuwar ke bi. A wasu yaran ɓari guda sukutum ake katse wa hulɗa da ɗayan. Hannu ɗaya yakan zauna da rauni, amma idan yaron ƙarami ne, ɓarin da ya rage yana iya karɓar aikin magana, abin da kan babba ba zai iya ba.

A New Delhi ta Indiya an raba yara 116 da magani ya gagara gida biyu, aka buga sakamakon a 2017. Bayan shekara guda, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata ba sa faɗuwa. Waɗanda suka ci gaba da magani kaɗai, kashi 7 ne.

A nan gida

Ba kowane gari ne zai sami na'urar Aston ba. Amma abin da ya fi lalata saƙar yaranmu abubuwa ne da muka sani: doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, maleriyar da ta hau kai, buguwa a kai daga haɗarin babur. A Malawi an bi yaran da suka warke daga maleriyar ƙwaƙwalwa, aka ga kusan ɗaya cikin goma ya sami farfaɗiya daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rubu'in masu farfaɗiya da an iya kare su. Haihuwa a hannun ƙwararriya, da gidan sauro, da allurar rigakafi, duk aikin kare ƙwaƙwalwa ne.

Babbar asararmu, a ganina, jinkiri ce. A ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu na masu farfaɗiya ba sa samun magani. Yaro ya soma faɗuwa yana shekara biyu, a yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe, a ɓoye shi kada a ce gidan akwai abin faɗa, sai ya shekara takwas a kai shi asibiti. Shekarun da ƙwaƙwalwarsa ke zaɓen mahaɗan magana da na tunani ke nan aka bar faɗuwa tana hargitsa su. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi su tare tun ranar farko. Domin likitocin ƙwaƙwalwar yara kaɗan ne a Arewa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gudanar da wani aiki a ƙananan asibitoci 60 a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na unguwa su gane farfaɗiyar yara ta hanyar tambayoyi da Hausa, su kuma ba da magani. Kada dai a sayi magani a kemis da ka. Kabamazafin yana yi wa wata farfaɗiyar aiki, amma yana tsananta mai ɗauke wuta.

Idan yaro ya faɗi a gabanku, ku janye shi daga wuta, ruwa ko titi, ku sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ku kwantar da shi a gefe don yawu ya zubo. Kada ku cusa cokali ko yatsa a bakinsa, ba zai haɗiye harshensa ba. Kada ku danne shi, kada ku ɗura masa ruwa ko magani, kada ku turara masa hayaƙi. Yawunsa ba ya ɗauke da cutar, ba a ɗaukar farfaɗiya daga taɓawa ko cin abinci tare. Ku duba agogo: in jijjiga ta kai minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti. Mai waya ya ɗauki bidiyon abin domin likita kaɗai, zai fi dogon bayani amfani. Yaron kuma ya koma makaranta, a dai kula da shi wajen murhu, bakin rijiya da wankan rafi.

Aiki

Ku tattauna a aji: me ya sa ɗan shekara biyu ya fi babba yawan mahaɗai? Mene ne bambancin jijjigar zazzaɓi da farfaɗiya? Me gwajin ƙudajen Manchester ya nuna game da gado?

A gida, kowa ya tsaga shafi guda ya zana jadawalin da uwa za ta riƙa cikewa ta kai wa likita: kwanan wata, lokacin da abin ya zo, abin da yaron yake yi kafin nan, gaɓar da ta fara motsi, minti nawa ya ɗauka, da ko ya sha maganinsa a ranar. Ku zo da shi darasi na gaba.